Laccar Yayata 'Yar Filifin

'Yar Filifin ta farko da na sani a duniya malamar lissafi ce a makarantarmu ta kwana, can gida. Gajeriya ce, tana yawo da lema ko babu hadari, kuma ta tsane ni tsana mai dalili, don ban taɓa kawo mata amsa daidai ba. A lokacin babu wanda ya tambayi kansa abin da ya ɗauko mace daga tsakiyar teku ya dire ta a garin da ruwan famfo ma sai an taki sa'a. Mun ɗauka haka Allah ya tsara duniya: Indiyawa su koyar da kimiyya, 'yan Filifin su koyar da lissafi, mu kuma mu faɗi jarrabawa. Sai da furfura ta fara fito min a gemu, na ajiye aikin koyarwa a gida na zo New York neman digiri na uku a fannin hulɗar ƙasa da ƙasa, sannan aka yi min wannan tambayar. Wadda ta yi min ita ma 'yar Filifin ce.

An haɗa mu a wani ɗan ofis marar taga a wata jami'a da ke Manhattan, ofishin da har yau nake zargin asalinsa ma'ajiyar tsintsiya ce. Mu biyu ne tsofaffin ɗaliban sashen, sauran duk sa'o'in ƙannenmu ne. Aikinmu taimaka wa wani Farfesa Ba'amurke a babban darasin da ake yi wa 'yan shekarar farko: mu raba takardu, mu duba jarrabawa, mu saurari uzurin ƙarya. Ta girme ni da 'yan shekaru. Ta yi aikin jinya tun tana budurwa, da farko a Jidda, daga baya a nan, kafin ta koma aji ta karanta siyasa. Ranar da na kira sunanta gatsau, ta ce a garinsu ƙani ba ya kiran yayarsa haka. Na ce ai mu ma haka ne, na ɗauka a nan ba a yi ne. Daga ranar na koma ce mata Yaya, da Hausa, ita kuma ta koyi ce min ƙanena.

Abinci ne ya fara nuna mana cewa tarbiyyarmu ɗaya. Ran da ta fara buɗe kwanonta a ofis, ƙamshin tafarnuwa ya cika ɗakin, ta turo min. Na ce na ƙoshi, alhali tun shayin safe ban sa komai a cikina ba. Ta sake turowa, na ce ta ci abinta kawai. Ta kuma turowa, har da sa min cokali a hannu, ta ce kaza ce, kuma a shagon Musulmi ta saya, ba a banza ta zauna a Jidda ba. Sai na ci, na kusa siɗe kwanon, ita kuwa tana kallona tana dariya. Ta ce shekara da shekaru tana yi wa Amurkawa tayi: in sun ce a'a, to a'a ce, in kuma sun ce e, sun cinye mata abincin rana tun a tayin farko. A Filifin kuwa, in ji ta, wanda ya karɓa a tayin farko mayunwaci ne, wanda kuma ya yi tayi sau ɗaya ya janye hannu marowaci ne. Na ce, "Yaya, anya kakanninki ba daga Katsina suka yi ƙaura ba?"

A kan wannan kwanon na ba ta labarin malamar lissafinmu da lemarta. Na zaci za ta yi dariya. Sai ta ajiye cokali ta ce, "To wa ya aiko ta? Wace yarjejeniya ce ta kai ta garinku? Ka buɗe littafin nan da muke koyar da yara, ka nuna min shafin da take ciki." Ban buɗe ba, don na san babu. Littafin ya fara ne da yaƙe-yaƙen Turai, ya bi ta kan sarakunansu da yarjejeniyoyinsu, ya ƙare da Amurka da Sin suna harar juna. Filifin ta fito a ciki, amma a matsayin wurin da manya ke ajiye jiragen yaƙi. Afirka kuwa ta fito a babin yunwa.

Ni ma abin yana ci min rai, amma ni mai mita ne. Zan iya wuni ina zagin littafi, in aka ce in kawo nawa sai in fara kame-kame. Ita ba haka take ba. Shekaru ta yi tana gina magana guda, tana sassaƙa ta, tana jarraba ta a kaina a lokacin cin abinci. Tana cewa mutanen ƙasarta sun daɗe suna rubutu a kan yadda duniya ke tafiya, amma a nan ana karanta su ne in ana neman labarin Filifin, ba a karanta su in ana neman sanin duniya. Bature in ya yi rubutu a kan ƙauyensu, sunan abin ilimi. Su in sun yi a kan duniya gaba ɗaya, sunan abin labarin gida. Burinta bai wuce ta tsaya sau ɗaya a gaban babban ɗakin laccar nan, mai cin ɗaruruwan yara, ta nuna musu yadda duniya take in an hango ta daga tsibiri ba. Tana da wata taswira a naɗe a kusurwar ofis, wadda teku ne a tsakiyarta, ƙasashe kuma sun koma gefe-gefe. Ta ce ba za ta warware ta ba sai ranar.

Hanyar yin hakan ɗaya ce. Al'adar darasin ita ce a ware makon ƙarshe na zango ga abin da suke kira sauran muryoyi, wato duk wanda ba Bature ba, daga Bahaushe har mutumin Sin, a cusa su a zama biyu. Kowace shekara mataimakan Farfesa ne ke yin laccar, amma bi da bi, kuma sai a shekararmu ta ƙarshe tare layi ya zo kanmu. Farfesa ya ce zama ɗaya nawa, in yi Afirka, ɗaya nata. A shekarar ne kuma tallafin karatunta zai ƙare. Ni ina da saura, ita ba ta da shi. Ta sani, na sani, in ba ta yi a wannan zangon ba, babu wani.

Ranar Juma'a tare muke komawa. Ni ina zaune a titin Grand Concourse da ke Bronx da iyalina, ita kuma gidanta a Queens yake, amma tana aikin ƙarshen mako a wani asibiti a can saman Bronx, don haka jirgin ƙasa ɗaya muke shiga, mai lamba D, ni in sauka, ita ta wuce. Wata Juma'a da yamma, muna tsaye mun riƙe ƙarfe ɗaya saboda cunkoso, ta ce bari ta gwada laccar a kaina daga farko. Haka ta fara, tana ɗaga murya in jirgi ya yi ƙara, tana sassautawa in ya tsaya.

Ta ce za ta rataye taswirar, ta ce wa yara su daina kallon ƙasa, su kalli ruwan. Mutumin tudu yana ganin teku iyaka ne, inda ƙasarsa ta ƙare. Mutumin tsibiri kuwa teku ne titinsa da kasuwarsa da gonarsa. Tun kafin Sifaniyawa su zo, tun kafin Amurkawa su karɓa daga hannunsu, sarakunan Musulmi na kudancin ƙasar suna ƙulla amana da maƙwabta ta ruwa, suna auratayya, suna ciniki, ba su jira wani ya koya musu diflomasiyya ba. Ta ce a ƙauyen mahaifinta akwai wani wuri a cikin teku da masunta ke fakewa in iska ta taso, masuntan ƙasashe dabam-dabam, ba mai jin yaren wani, amma suna musayar ruwan sha da taba. Yanzu jiragen yaƙi ne ke gadin wurin, littafi kuma ya sa wa abin suna rikicin manyan ƙasashe, masuntan ko a ƙasan shafi ba su samu shiga ba.

Daga nan ta juyo kan mutane. Ta ce akwai ƙasar da ke fitar da mai, akwai mai fitar da motoci, tasu kuwa 'ya'yanta take fitarwa: masu jinya, masu aikin jiragen ruwa, masu aikatau, malaman lissafi masu lema. Jakadan irin wannan ƙasa ba shan shayi da ministoci ne yawancin aikinsa ba. Aikinsa ya ɓoye yarinyar da ta gudo daga gidan uban ɗakinta, ya roƙi a sassauta wa wani hukunci, ya sa hannu a tura gawa gida. Ta ce, "Ƙasar da 'ya'yanta mata ke kwana a gidajen wasu, da wane baki za ta daka musu tsawa?" Wani dattijo da ke zaune kusa da mu, wanda alamu suka nuna ya fi ni bin laccar, ya gyaɗa kai.

Na ce to ai wannan labarin rauni ne, kuma littafi ma ya yarda ku raunana ne. Idonta ya yi haske, don dama nan take jirana. Ta ce a'a, a nan ne littafi ya makance. Akwai wani irin ƙarfi a cikin wannan hali, ƙarfin da fanninmu bai da sunansa, kuma shi ne zuciyar laccar. Na ce ko tana nufin in masu jinya suka yi yajin aiki asibitocin duniya za su tsaya. Ta ce, "Ka ji ka, kai ma tunanin littafi kake yi. Ba wannan ba ne." Daidai nan jirgi ya tsaya a tasharmu. Na ce bari in wuce da ita, in ya so in dawo. Ta tura ni waje da gwiwar hannu, ta ce matarka na jira, sauran za ka ji a aji kamar kowa. Ƙofa ta rufe, na tsaya ina kallonta ta gilashi tana min dariya.

Ana haka aka yi wata dusar ƙanƙara da ta sa aka rufe jami'a kwana guda. Darasi ya goce, komai ya matsa gaba, makon ƙarshe ya koma zama ɗaya. Farfesa ya kira mu ofishinsa da rana. Ina so in yi masa adalci: mutumin kirki ne, bai taɓa wulaƙanta mu ba, shi ya yi ta faɗa har aka ƙirƙiro makon tun asali. Sai dai mutum ne mai sauri, yana cin burodinsa a tsaye, kuma abin da ka faɗa masa shi yake ji, ba ƙari ba ragi. Ya ce, "Zama ɗaya ya rage. Wa yake so a cikinku?"

Na ce, "A ba Yaya. Ita ce babba, kuma tata ta fi tawa nuna."

Ta ce, "A'a, a ba shi. Afirka nahiya ce guda, mu 'yan tsibirai ne. Ni ban ma gama shiri ba."

Matar da ta yi shekaru tana shiri, wadda ta haddace laccar har tana iya yin ta a tsaye a jirgi. Ni ban ji komai ba, don na san wannan a'ar, irin ta kwanon kaza ce. Ba zai yiwu ta miƙa hannu ta karɓe abin da aka ce na mu biyu ne tun a tayin farko ba, a gaban ƙaninta. Sai na shiga zagaye na biyu, don in share mata hanya ta karɓa ba tare da kunya ba. Na ce, "Ni fa ban matsu ba, Farfesa. Ko baɗi ma na yi." Na juya gare ta zan sake matsa mata, ita kuma ta buɗe baki za ta yi 'yar a'ar ƙarshe, wadda daga ita sai karɓa.

Farfesa ya dube ni, ya dube ta. Abin da ya gani shi ne mutum biyu, ɗaya ba ta shirya ba, ɗaya bai damu ba. Ya ce, "To madalla, kun sauƙaƙa min. Dama yaran suna ta roƙon a yi musu bita kafin jarrabawa." Ya juya ga kwamfutarsa, muna tsaye ya aika wa ɗalibai sanarwa. Abin da ya fi ƙona min rai har yau shi ne mu biyun murmushi muka yi, muka ce mun gode, muka fita.

A wurinmu, in mutum biyu suna yi wa juna kara a gaban babba, babban ya san aikinsa. Zai bari su ɗan yi, sannan ya ce ke, karɓi, kai kuma Allah ya yi maka albarka. A wurin su Yaya ma haka ne. Mun shiga ofishin nan mun ɗora wa Farfesa wannan aiki, shi kuwa bai san an ɗora masa ba. Mu da muke koya wa yara yadda ƙasashe ke kuskure nufin juna har a kai ga yaƙi, mun kasa isar da saƙo a ɗaki ɗaya, tsakanin mutum uku.

Da na ba matata labari a gida, ta ajiye wuƙar da take yanka albasa ta ce, "Malam, kara kuka je yi a gaban Bature? Shi ya ce muku ya san ta?" 'Yata ta fari, wadda aka kawo nan tana ƙarama, tana jin Hausa amma da Turanci take amsawa, ta ɗago daga wayarta ta ce ita ba ta gane ba, in Anti tana so me ya hana ta ce tana so. Na ce ta tashi ta ba ni wuri. Amma tambayar ta bi ni har kan sallaya.

Washegari na koma wurin Farfesa ni kaɗai, na yi abin da ban saba ba, na faɗi magana tsirararta. Na ce Yaya tana son zaman nan fiye da komai, kuma a shirye take. Mamakinsa na gaske ne. Ya ce, "Amma ita ta ce ba ta shirya ba. Me zai sa ta faɗi haka?" Na nemi yadda zan bayyana masa da Turanci ba tare da na mai da ita maƙaryaciya ba, na rasa. Ya ce ya yi baƙin ciki, amma sanarwa ta fita, yara sun sa rai da bita, ba zai janye ba. Ya ce baɗi zama biyun duka nata ne in tana so. Na ce baɗi ba ta nan. Ya ce zai ga abin da zai iya yi, kuma na yarda ya gwada, abin ne bai yiwu ba.

Da ta ji na koma, ranta ya ɓaci, ɓacin da ban taɓa gani ba. Ta ce na mai da ita mai roƙo a bayan idonta. Ta yi kwanaki ba ta buɗe kwano a ofis ba, tana fita ta ci a waje. Daga baya wata rana ta turo min shi ba tare da ta ce komai ba, muka yi 'yar a'ar da muka saba, na ci, maganar ta wuce. Ranar bita muna zaune a bayan ɗakin lacca. Wani yaro ya ɗaga hannu ya tambaya ko karatun sauran muryoyi zai fito a jarrabawa. Farfesa ya ce a'a. Ɗakin ya sauke ajiyar zuciya gaba ɗaya. Ban kalli Yaya ba, ita ma ba ta kalle ni ba.

Da zango ya ƙare ta kwashe kayanta. Ta ce za ta koma asibiti cikakken aiki na ɗan lokaci, in abubuwa sun daidaita ta dawo ta ƙarasa digirin. Taswirar ta bar ta a kusurwa, ta ce in ajiye mata, ba ta da wurin sa ta. Ɗan lokacin nan ya zama shekaru. Muna gaisawa, ita ta kira ni da Sallah, ni in kira ta da Kirsimeti, wani lokaci ta aiko wa yara da busasshen mangwaro. Ba ta sake tayar da maganar lacca ba, ni ma na ja bakina, ina ganin kamar fama mata ciwo ne.

Ni na lallaɓa na gama. Na samu koyarwa a wata ƙaramar kwaleji a nan Bronx, inda ɗalibaina 'ya'yan direbobin tasi ne da masu kula da tsofaffi, daga Kumasi, daga Yamai, daga Santo Domingo, har da 'yan Filifin jefi-jefi. Da aka bar min darasin in tsara yadda nake so, abin da na fara yi shi ne na ɗauko makon nan daga ƙarshe na dawo da shi farkon zango, inda dusar ƙanƙara ba za ta cinye shi ba. Na ware zama guda cur na Filifin. Sannan wata Lahadi da rana na sa babbar riga, na ɗauki taswirar, na hau jirgi zuwa Queens. Ina tafe ina jin daɗin kaina, har ina tsara yadda zan gabatar da ita.

Na same ta ta manyanta. Gwiwa ta fara ba ta wahala, shekarun annoba kuma sun bi ta kan asibitinsu sun tafi da wasu abokan aikinta. Amma dariyar tana nan. Ta zaunar da ni a kicin, ta ɗora tukunya, muka yi hirar yara. Sannan na ajiye taswirar a kan tebur na ce, "Yaya, na zo biyan buƙata. Aji na nan, zama guda naki ne, ba a makon ƙarshe ba."

Ta ce, "A'a, ƙanena. Kai ka yi."

Na yi dariya, na gyara zama. Wannan karon babu Bature a tsakaninmu, kuma na zo da shirin matsawa har sai ta gaji. Na ce ba zan tashi daga kujerar nan ba sai ta amsa. Ta ce ba ta da lokaci. Na ce zan zo da mota in ɗauke ta. Ta ce ta tsufa. Na ce ɗalibaina sun saba da tsofaffi, ga ni. Ina ta zuba, ina jin kaina gwanin tayi, sai ta kashe murhu, ta zo ta zauna, ta dafa taswirar da hannu ɗaya.

Ta ce, "Ka saurare ni. Wannan a'ar ta gaske ce."

Ta ce ba fushi ba ne, ba kunya ba ce. Ta ce bayan annoba ta taɓa zama ta ce bari ta rubuta laccar ko don jikokin 'yan'uwanta. Farkon ya zo mata tiryan-tiryan, teku, masunta, jakada. Da ta iso daidai inda na sauka daga jirgi, sai ta tarar babu komai. Ta ce, "Na san akwai amsa, na san ta yi kyau, don na tuna yadda nake ji in na zo wurin. Amma ban taɓa faɗa wa kowa ita ba, ko kai. Na ajiye ta ne don ranar. Na neme ta, ba ta nan."

Na ce ko za ta gwada, wataƙila in ta tsaya gaban yara ta dawo. Ta girgiza kai. Ta ce a lokacin tana da ƙafa ɗaya a asibiti ɗaya a aji, shi ya sa take hango abin. Yanzu ta daɗe a ciki tsundum, ta wanke mutane da yawa, ta rufe idon mutane da yawa, ba ta san ko abin da ta hango ɗin ƙarfi ne ko kuwa ƙuruciya ce ba. Ta ce ba za ta tsaya gaban 'ya'yan mutane ta ƙirƙiro musu wata amsa ba.

Baƙin cikin da na ji a kicin ɗin nan ya fi na ofishin Farfesa. A can na ɗauka dama ce ta kuɓuce, kuma dama tana dawowa. Ban san cewa tunani ma yana lalacewa in an rufe shi an ajiye ba, kamar tuwon da aka hana kowa ana jiran baƙo. Da na ƙi sauka a tasharmu a ranar nan, da yanzu aƙalla mu biyu ne muka taɓa sanin amsar.

Har yanzu ina yin zaman Filifin kowane zango. Ina rataye taswirar, in ce su kalli ruwan. Ina sa su karanta abin da malaman ƙasar suka rubuta da kansu, kuma yana fitowa a jarrabawa, duk wanda bai so ba ya sha ruwa. Ina ba su laccar Yaya yadda na ji ta, har zuwa inda ta ce akwai wani ƙarfi da fanninmu bai da sunansa. Kusan kullum sai an samu mai ɗaga hannu ya ce to mene ne shi. Sai in ce ban sani ba, a nan na sauka.

A ranar nan a kicin ɗinta, da na tashi tafiya, ta naɗe taswirar ta sa min a hammata, ta ce tawa ce yanzu. Sannan ta juye kazar da ta dafa a wani kwano mai murfi, ta ɗaure a leda, ta miƙo min. Na ga ta ɗan gyara tsayuwa, tana jiran in ce na ƙoshi, don ta sake miƙowa. Na sa hannu biyu na karɓa tun a tayin farko.